Fitowar Rana a Gonar Gwaggo

Ana sallame sallar asuba muka bar Talata Mafara, ni da taubashina, a kan babur ɗinsa. Shi ke tuƙi, ni ina baya rungume da jakar kyamara kamar an ba ni riƙon jinjiri. Ba mu kai bakin kasuwa ba na sa shi ya tsaya in duba ko na ɗauko fim. Na ɗauko. Muna wuce tasha na sake taɓa kafaɗarsa, don na fara shakkar ko na kulle ɗakin wanke hoto. Ya juyo ya dube ni ya ce, "Malam Idan-fa, in haka za mu yi, ruwa zai cinye gonar, ya cinye Maradun, ya iske mu nan bakin tasha." Sunan da ya laƙaba mini ke nan tun muna yara, don ba na iya fara abu sai na ce idan fa kaza ya faru.

Bari in faɗi abin da ya fitar da mu. Gwaggona, wadda ita ce mahaifiyarsa, ta yi zaman aurenta duka a wani ƙauye kusa da Maradun. Da aka tare gulbi a Bakolori aka tashi ƙauyen, mijinta kuma ya riga ya rasu, sai ta dawo gidanmu a unguwar mahauta. Tun da ta dawo ba ta da sukuni. A gidan da nama ba ya yankewa, Gwaggo sai ta kai magariba da ɗan kurɓin koko. Damina ta yi nisa, labari ya zo cewa ruwa ya fara hawa gonarsu, sai ta ce lalle a kai ta ta gani. Ƙafafunta ba za su iya ba. Aka yi ta lallashi, daga ƙarshe ta yarda da abu guda: in tafi in ɗauko mata hoton wurin. Ta ce, "Ka tsaya gindin tsamiya, ka ba gari baya. In gero ya nuna, rana tsakanin giginyun nan biyu take fitowa. Nan nike zama in na kai ma mijina koko a gona. Shi nike so in gani." Gero kuwa ya nuna. Idan ban ɗauka a wannan karon ba, babu wani karo.

Ni mai hoto ne, amma na cikin gari. Hoton fasfo, hoton suna, samari da agogo a hannu suna dafe da rediyo. Ban taɓa ɗaukar fili ba, balle fitowar rana. Abu ɗaya da ya sanyaya mini rai shi ne itace da sama ba su da rai irin na mutum, babu malamin da zai harare ni a kansu. Saura duk damuwa ce. Babbarta kuwa: baƙi-da-fari zan sa, ko mai kala? Baƙi-da-fari ina da shi, hannuna ya saba da shi, ni zan wanke da kaina. Mai kala ba ni da shi, sai wajen maigidana da ya koya mini aikin, a Bakura. Shi ya sa muka fara nufar can, duk da ba hanyar Maradun ba ce.

Wanda ya daɗe bai bi hanyar Bakura ba zai ɗauka ya ɓata. Gonakin da muka sani da tsamiyoyi da gawo da iyakokin gamba, katafila ta baje su sun zama fili ɗaya shimfiɗe kamar tabarma, ga hanyoyin ruwa na siminti sun miƙe ba lanƙwasa. Tifofi suna wuce mu suna watsa mana taɓo. Leburori da hulunan kwano sun cika wajen mai shayi, ana ta Hausa iri-iri, har da ta waɗanda jiya suka fara koyonta. Muka tsaya muka sha. Mai shayin ya ce tun da aikin dam ya zo ƙwai ya yi tsada, kaza ma ta san darajarta. Taubashina dillalin shanu ne, ko ina ya tsaya sai ya yi abokai, ni kuwa ina gefe na ɗora jaka a cinya ina kallon sama. Gajimare ya taru ta gabas. Idan fa gobe haka ta wayi gari?

A Bakura muka iske maigidana a ƙofar shagonsa yana shanya hotuna a igiya. Aka yi gaisuwa mai tsawo, gida da iyali da gajiya da ruwa da ya ya aka ji da sauyin zamani, kafin in kawo abin da ke tafe da ni. Ya shiga ciki ya laluba bayan randa, inda yake ajiye fim don sanyi, ya fito da mai kala guda ɗaya tak. Bai miƙo mini nan da nan ba. Ya ce, "Kai ɗan mahauta ne, bari in gaya maka da yarenku. Baƙi-da-fari ƙashi yake ɗauka, mai kala nama. Nama shi ke da daɗi, shi ke kuma fara lalacewa." Ya nuna mini wani hoto mai kala da ke rataye a bangonsa, na wata liyafa. Rana ta ci shi, fararen riguna sun koma ruwan goro, fuskoki sun zama kamar an shafa musu manja. Kusa da shi akwai baƙi-da-fari da ya girme shi nesa ba kusa ba, yana nan garau kamar jiya aka wanke. Ya ƙara da cewa mai kala sai an aika Kaduna, a yi wata ko fiye ana jira, wani lokaci ya dawo kore shar, wani lokaci direban da aka ba ya mance shi a gaban mota rana ta dafa shi.

Na ji maganar ta zauna mini. Na ce to baƙi-da-fari ke nan. Sai taubashina, da ke ta cin gyaɗa bai sa baki ba, ya ce, "Baba, a gafarce ni. In mutum ya zo ya ce saniyarsa ta ɓace, mi ake fara tambaya tai? Ja ce ko fara. Ba a cewa ƙashinta nawa. Inna fitowar rana ta ce, ba fitowar toka ba." Maigidana ya yi dariya har da tari, ya ce wannan ma gaskiya ce. Ya miƙo mini fim ɗin ya ce in je in yi abin da Allah ya nuna mini. Na fito da fim biyu da damuwa ninki biyu.

Na naɗe mai kalar a tsumma mai ɗan danshi, na sa a gwangwanin madara, na cusa tsakiyar jaka. Muka juyo ta Mafara ba mu shiga gida ba, don na san in Gwaggo ta gan ni za ta ɗauka har na dawo. Hanyar Maradun ta fi ta safe wuya. Inda manyan motoci suka bi sun haƙa ramuka, ruwa ya kwanta a ciki, ba ka sanin zurfinsu sai ka shiga. Sau da yawa na sauka na taka da ƙafa, jaka a ka. A wata mararraba muka sayi hoce da ƙuli wajen wata tsohuwa, muka kora da fura mai nono na kirki, irin wanda a Mafara yanzu sai an sa masa ruwa kafin ya iso. Fulanin da muka iske a inuwa suna ta maganar burtali, wai hanyar da shanunsu suka saba bi zuwa gulbi ta shige ƙarƙashin ruwa, ta wani wajen kuma siminti ya tare. Ni dai kunnena yana wajensu, hankalina yana cikin gwangwani. Na buɗe na taɓa tsumman. Ya fara bushewa. Na jiƙa shi. Sai na shiga tsoron ko na jiƙa shi da yawa.

A hanya na yi ta auna abin a raina. Baƙi-da-fari zai kama giginyun tsaf, baƙaƙe a gaban sama mai haske, da inuwarsu a ruwa. Amma jan sama da koren ciyawa duk toka za su zama, mai duhu da mai haske. Mai kala zai kama jan, idan na daidaita haske, ni kuwa sau nawa na taɓa amfani da shi? Takardar da ke cikin kwalinsa da Turanci take, ƙananan baƙaƙe, ni da na tsaya a firamare sai na bi ta da yatsa, kuma babu inda ta yi maganar rana tsakanin giginyu. Sa'an nan ga jiran Kaduna. Gwaggo da ba ta cin abinci, tana da wata guda na jira? Wannan tambayar ban yarda na yi ta da ƙarfi ba, don ɗanta ne ke gabana.

La'asar sakaliya muka isa sabon matsugunin mutanen ƙauyen. Gidaje a jere, ƙasa mai tsakuwa, babu itacen da ya isa a zauna ƙarƙashinsa. Aka karɓe mu hannu bibbiyu saboda Gwaggo, kowa na tambayar jikinta. In an zo maganar gonaki da diyya sai murya ta yi ƙasa, a dubi ƙofa, a koma maganar damina. Daga bayan gari aka nuna mini ruwan. Ban taɓa ganin ruwa mai faɗin haka ba. Kawunan itatuwa sun leƙo nan da can kamar mutane masu wanka. Aka haɗa mu da wani mai kwalekwale, wanda bara manomi ne, bana masunci. Ya ce tsamiyar tana nan, giginyun ma, amma ruwa ya kai gindinsu, kuma kullum ƙaruwa yake.

Bayan magariba, muna cin tuwon dawa da miyar sure da kifin da yanzu ya fi nama araha a can, dabara ta zo mini. Me zai hana in yi duka biyun? In fara da baƙi-da-fari da zarar gabas ta yi haske, in ƙare shi da sauri, in canza in sa mai kala kafin rana ta ɓullo. Na faɗa wa taubashina ina murna. Ya suɗe hannu ya ce, "Taura biyu dai ba ta taunuwa." Na ce wannan ba taura ba ce, fim ne. Kyamarata irin wadda ake leƙawa ta sama ce, in an sa mata fim sai an naɗe shi har ƙarshe kafin a buɗe, a lashi takardar bakinsa a liƙe, a mayar da sandar da ta zama fanko sama, a zura sabo. A shago ina yin haka ido rufe. Na gwada motsin da hannu a iska har mai gidan ya tambayi ko lafiya nake. Barcin da na yi ba shi da yawa. Na fita duba sama ya fi a ƙirga.

Muka yi asuba a farkon lokacinta muka shiga kwalekwale da sauran duhu. Sauro ya yi mana maraba. Mai kwalekwalen yana tuƙi yana ambaton abin da muke wucewa a kai: nan masussuka ce, nan rijiya, nan hanyar kasuwa. Taubashina yana ta bin wuraren da ido. A nan aka haife shi. Da muka iso tsamiyar ya kai hannu ya dafa jikinta, ya daɗe bai ɗauke ba.

Saiwar da Gwaggo ke zama a kai ba a ganinta. Na naɗe wando na sauka, ruwa ya kai mini gwiwa, sanyi ya ratsa ni har kai. Na kafa ƙafafun kyamara cikin laka, ɗaya na nutsewa ina gyara ɗaya. Na ba tsohon garin baya. Ga giginyun nan biyu, daidai yadda ta faɗa, kuma tsakaninsu sama ta fara fari. Gajimare yana nan, amma ya bar wata 'yar tsaga daga ƙasa. Na yi bisimilla na fara ɗauka. Kowane ɗauka sai na canza haske kaɗan, don idan fa wannan ya yi duhu, idan fa wancan ya yi fari. Wani zalɓe ya sauka a kan suri da ya rage a waje, na ɗauka da shi, na ɗauka bayan ya tashi. A gilashin kyamara abin ya yi kyau har na ji tsoro: itatuwa biyu a sama, biyu a ruwa, layin haske ya raba su.

Fim ya ƙare. Gefen gajimaren ya fara ɗaukar wani launi kaɗan. Na ce wa taubashina ya tuɓe babbar rigarsa ya lulluɓe ni da ita, ni da kyamara, don kada haske ya taɓa fim. Na shiga duhu. Hannuna jiƙe, na goge a ƙirji. Na naɗe, na buɗe, na lasa, takardar ta ƙi liƙewa don danshi. Na riƙe ta da haƙori. Na laluba gwangwani a jakar da ke wuyana, murfin ya ƙi buɗuwa. Sai na ji mai kwalekwale ya ce, "Allahu Akbar." Taubashina ya ce, "Kai! Fito ka gani!" Na ce ina zuwa. Bakin sabon fim ya ƙi shiga tsagar sanda. Ta cikin saƙar rigar na ga duhun ya koma ja-ja, kamar in ka rufe ido ka fuskanci wuta. "Fito mana, wawa! Ga ta nan tsakiyarsu!" Idan na fito yanzu fim ya ƙone. Idan ban fito ba, ban gani ba. Na zaɓi fim.

Da na yaye rigar, rana ta riga ta haye cikin gajimare. Sama toka, ruwa toka, giginyu toka. Na tsaya da kyamara cike da fim mai kala, babu kala ko ɗaya a gabana. Na ɗauka duk da haka, don ban san abin da zan yi da hannuna ba. Taubashina bai zolaye ni ba, abin da ya fi zolayar ciwo. Na tambaye shi yadda ta kasance. Ya ce, "Ja, kamar bijimin rahaji da ya sha kiwo." Mai kwalekwale ya ce a'a, ta fi kama da cikin gwanda. Suka yi ta musu har bakin gaɓa. Ni da aka aiko in gani, ni kaɗai ne ban gani ba.

Komowa gida ba ni da abin faɗa a kanta, don ban ga hanya ba. Yayyafi ya bi mu tun daga Maradun. Ina ta shirya yadda zan gaya wa Gwaggo, ina rushewa. Da muka isa Mafara ban shiga gida ba, na wuce ɗakin wanke hoto na kulle kaina. Da hoton ya fara fitowa a cikin ruwan magani, sai da na zauna. Ya fito. Giginyun, da zalɓen, da surin, da reshen tsamiya da ya leƙo daga sama. Ƙashi dai, kamar yadda maigidana ya ce, amma ƙashi mai kyau. Na buga shi babba.

Gwaggo tana kan tabarma a ƙofar ɗakinta, ga kwanon fura a gefe ba a taɓa ba. Na durƙusa na gaishe ta na miƙa. Ta kai shi kusa da ido, ta nisanta, ta sake kusantowa. Ta sa yatsa a kan surin ta ce yana nan ashe. Sa'an nan ta ce, "Wurin ne. Amma wa ya mutu, da sama ta yi haka?" Na gaya mata gaskiya duka, har da rigar. Ta dube ni ta ce, "Kai dai tun kana yaro haka kake." Sai ta ce, "Ba kai ka sa wa amaren ga jan baki da ruwan zinari a hoto ba? Ɗauko abin."

Ina da 'yan kwalaben kala da nake taɓa zannuwan mata da 'yan kunnensu a hoto, da tsinke da auduga. Na ɗauko, amma raina bai so ba. Na ce, "Gwaggo, ban gani ba. Idan fa na sa abin da ba shi ne ba? Ya zama na yi ƙarya a hoto." Ta ce, "Wa ya ce kai za ka sa? Hannunka kawai nike so. Ni na gani, tun ba a haife ka ba."

Muka zauna har gab da magariba. Ta ce daga ƙasa, tsakanin giginyun, ba ja ba ne, ruwan ƙwai ne, sai an ɗan hau sama yake nuna kamar lalle a tafin hannu kwana biyu da ƙunshi. Na haɗa, ta ce ya yi yawa, na rage. Ɗanta ya leƙo ya ce a ƙara ja, ta ce ya tafi can ya ji da shanunsa. Da na zo kan ruwan da ke ƙasan hoton na tsaya, na tambaye ta wace kala zan ba shi. Ta ce, "Wane ruwa? Gero ne nan. Sa kore, ka ɗan taɓa mai ruwan ƙasa a kai, ya nuna." Na buɗe baki zan ce idan fa, sai na rufe. Na sa kore a kan ruwa. Ina cikin sawa na ji ƙarar ludayi a kwano. Ban ɗaga kai ba, don kada ta daina.

Fim mai kalar na ba wani direba ya kai Kaduna, har yau bai dawo ba, kuma sau biyu kacal na je tasha tambaya, abin da duk wanda ya san ni zai ce na yi ƙoƙari. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, mai ɗaukar fitowar rana ya yanke shawararsa tun yana kan tudu, ya sa fim ɗaya, ya bar kansa a waje. In kana son abin da zai daɗe kuma ka wanke da hannunka, baƙi-da-fari. In kala kake so, ka sa ta tun farko ka yarda da jira. Rana ba ta tsayawa mai shawara.

An aiko mana daga can cewa yanzu kan tsamiyar kaɗai ake gani. Hoton yana rataye a bangon gabas na ɗakin Gwaggo, ta sa an juya mata gado yana fuskantarsa. Masu zuwa gaishe ta sukan tambaye ni ko haka wurin yake da gaske. Tambayar ta hana ni barci da farko. Yanzu nakan ce musu: itatuwan ni na ɗauko, kalar ta Gwaggo ce.